Intanet ɗin gida na 5G: inda ya cika alkawari da inda ya ba da kunya

Kusan duk kamfanin sadarwar da ya kafa 5G, cikin abubuwan da yake fara tallatawa akwai wani ɗan akwati. Rauta ce mai ɗaukar layi: a jona ta da wuta, ta kamo sabis daga turken kamfani, ta raba wa mutanen gida ta Wi-Fi. Ba haƙa rami, ba jan igiya daga titi, ba zaman jiran ma'aikaci. A jikin kwalin kuma an rubuta lambobin da ke sa mutum haɗiyar yawu, gigabit 1, gigabit 2, wani ma fiye. Wannan sabis ɗin ne muka ɗora a sikeli. Ba mu ware kamfani ɗaya ba, domin duka a kan ma'auni guda aka gina su, kuma inda suke burgewa da inda suke tuntuɓe kusan iri ɗaya ne ko a wace ƙasa.

Hukuncin a gajarce shi ne: idan zangon tsakiya na 5G, wato na biyu cikin rukunai uku na siginar rediyon da 5G ke hawa, ya iso gidanka da ƙarfinsa, kuma turken da kake kamawa bai cika ba, sabis ne mai kyau ƙwarai, ya isa gida mai mutum biyar ko shida su yi kallo, su yi karatu, su yi taron aiki lokaci guda. Idan ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan biyu ya faɗi, 4G ka saya da sabon suna. Abin takaicin kuma, mai sayarwa ba zai iya gaya maka wanne ne rabonka ba, taswirar da kamfani ke wallafawa ma ba za ta gaya maka ba.

Sai an ɗan waiwaya baya kafin a gane dalili, don kowane zamani na sadarwa ya bar wa na bayansa gado. GSM, wato 2G, da aka fara amfani da shi a Finland a 1991, don magana aka ƙera shi, sai gajeren saƙo ya biyo baya a 1992. Daga baya aka liƙa masa data, GPRS wajen 2000, sannan EDGE, wannan harafin E da har yau idan ya leƙo a saman waya mutum ya san ya shiga uku. A kan kilobit 200 a daƙiƙa, wanda shi ne kusan iyakar abin da EDGE ke bayarwa a aikace, fayil mai gigabait 1 sai ya ci awa 11 yana sauka. 3G, da kamfanin NTT DoCoMo ya fara sayarwa a Japan a Oktoban 2001, ya zo da kilobit 384, kuma bai burge kowa ba sai da aka yi masa ƙarin HSPA, gudun ya hau megabit 14.4, ya koma 21, har ya kai 42 a takarda. A zamaninsa ne 'yan modem ɗin nan da ake soka wa kwamfuta suka yi tashe, kuma su ne kakannin akwatin da muke magana a kansa.

LTE, wanda kowa ke kira 4G, kamfanin TeliaSonera ya buɗe shi a Stockholm da Oslo a Disambar 2009. Shi ne na farko da aka gina kacokan don data, har ta kai ba shi da hanyar kiran murya ta kansa. Waya kan gangara 3G ko 2G idan kira ya shigo, sai a 2012 aka fara VoLTE, inda muryar ita ma ta koma data. Kallon bidiyo a waya, kiran bidiyo, manhajojin kiran mota da ke bin ka a taswira, duk a bayansa suka hau. Amma yana da iyaka guda da ta shafi zancenmu: faɗin tasharsa ɗaya ba ya wuce megahaz 20. In ana son ƙari sai a haɗa tashoshi biyu, uku, har biyar, dabarar da ta shigo da LTE-Advanced.

Ƙungiyar 3GPP, mai rubuta waɗannan ma'aunai, ta kammala kashin farko na 5G a 2018, Koriya ta Kudu kuma ta fara sayar da shi ga jama'a a Afrilun 2019. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta gindaya masa buri: gigabit 20 a daƙiƙa wajen saukewa. Masu talla sun riƙe wannan lamba gam, sun manta cewa ƙololuwa ce a yanayin da ba shi da aibu ko ɗaya. A takardar guda an rubuta abin da ake so mai amfani ya samu a cikin birni mai cunkoso, megabit 100 saukewa, 50 ɗorawa. Wannan ta biyun ita ce ta fi kusa da abin da za ka gani a falonka da daddare.

Abin da 5G ya kawo na gaske shi ne wuri. Tasha ɗaya a zangon tsakiya tana kai faɗin megahaz 100, ninki biyar na 4G ke nan. Eriyar da ke kan turken kuma ba irin ta da ba ce: allo ne mai hanyoyin aikawa da karɓa 32 ko 64, yana iya tattara sigina ya nuna ta saitin na'urarka maimakon ya watsa ta ko'ina, har ya yi wa mutane da dama hidima a lokaci guda a kan tasha ɗaya. Gida guda yana iya cinye ɗaruruwan gigabait a wata, abin da waya ɗaya ba ta kusanta. A zamanin 4G kamfani ba ya son irin wannan kwastoman. Da 5G ya zo sai aka samu rarar wuri, aka ce to a sayar da ita ga gidaje. Duk kyawun sabis ɗin da duk rauninsa daga nan suka fito, domin rara ce ake sayar maka, kuma rara tana ƙarewa.

Wane 5G ne ya zo ƙofarka?

Harafin da ke saman allo ɗaya ne, amma abin da ke ƙarƙashinsa kashi uku ne. Akwai na ƙasa, irin zangon n28 mai megahaz 700. Yana tafiya kilomitoci, yana ratsa bango, sai dai faɗin da kamfani ke da shi a can yawanci megahaz 10 ne zuwa 20, don haka gudunsa bai cika wuce na 4G mai kyau ba. Wasu kamfanonin ma tashar 4G ɗin da suke da ita suke raba wa zamani biyu, ta wata dabara mai suna DSS. Harafin ya canja, gudun yana nan, wani lokaci ma ya ɗan ragu saboda ɗawainiyar rabon.

Akwai na sama, daga gigahaz 24 zuwa gaba, inda tasha ɗaya ke kai megahaz 400. Nan ne ake samun gigabit 2 da 3 da ake nunawa a bidiyon talla. 'Yan ɗaruruwan mitoci yake kaiwa, bango yana tare shi, ganyen bishiya ma yana rage shi. Ƙasashe kaɗan ne suka kafa shi da yawa, Amurka da Japan na ciki. In ba ka hangen turken da idonka daga inda za ka sa na'urar, cire shi daga lissafi.

Na tsakiya shi ne ƙashin bayan wannan sabis: n78, daga megahaz 3,300 zuwa 3,800, da 'yan'uwansa n77 da n41. Idan ya kama da kyau, megabit 200 zuwa 600 abu ne da aka saba gani, a kusa da turke mara cunkoso kuma yakan doshi gigabit. Matsalarsa isowa. Da eriya iri ɗaya, a nisa ɗaya, sigina mai megahaz 3,500 tana isowa ƙasa da mai 700 da kusan desibel 14. Kowane desibel 3 rabin ƙarfi ne, don haka 14 na nufin kusan kashi ɗaya cikin 25. Eriyar turken mai tattara sigina tana rama wani ɓangare na wannan asarar a waje, amma da an shiga gini sai lissafin ya sake: bangon kankare mai rodi, rufin kwano, da gilashin nan mai shafen ƙarfe da ake sa wa sababbin gine-gine don tare zafi, kowannensu yana cin rabonsa. Gilashin mai shafe shi ya fi yaudara, don ido yana ganin turken tar, sigina kuwa ta tsaya a waje.

Sai kuma batun NSA da SA. Yawancin kamfanoni sun fara da NSA, inda 5G ke rataye a jikin 4G: na'ura tana fara riƙe tashar 4G, ita ke ba da umarni, sannan a ƙara mata 5G don ɗaukar kaya. Abu biyu ke biyo bayan wannan. Na farko, harafin 5G na iya bayyana alhali ba ko bit ɗaya da ke bi ta 5G, don a wasu saitunan ya isa kawai turken 4G ya sanar cewa akwai 5G a yankin. Na biyu, idan 4G ɗin yankin ya yi rauni ko ya cika, 5G ɗinka ma zai yi ta tangal-tangal. SA shi ne wanda ya tsaya da ƙafarsa, da sabuwar cibiya tasa, kuma a kansa ne kawai ake iya yanka wa wani rukunin masu amfani kasonsu na musamman a hanyar. Kada ka sayi akwatin da bai iya SA ba, ko da kamfaninka bai kunna shi ba tukuna.

Ajiye akwatin: nan ne ake ci ko a faɗi

Fitilun da ke gaban rautar, ko sandunan sabis da manhajarta ke nunawa, kusan ba su da amfani. Juya akwatin, a ƙasansa akwai adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1 da kalmar sirri. Shiga ta burauza, nemi shafin bayanan sigina. Abu uku za ka duba: zangon da aka kama, RSRP, da SINR.

RSRP ƙarfin siginar ne, kuma lamba ce mai alamar ragi a gaba, don haka ƙarama ita ce babba. Daga -80 zuwa sama madalla, -90 da kyau, -100 da dama-dama, -110 kuwa bakin gaɓa ne. SINR tsabtar siginar ce, wato yadda muryar turkenka ta rinjayi hayaniyar sauran turaku. Sama da 20 ya yi kyau sosai, 13 zuwa 20 ya wadatar, ƙasa da 5 wahala ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne bin RSRP a manta da SINR, alhali na biyun ne ke yanke hukuncin gudu. Idan sigina ta tsabtata, turken yana cusa bit 8 a kowace alama da ya aiko. Ta ɗan gurɓata, ya sauka zuwa 6, zuwa 4, har zuwa 2, kuma ya rage yawan layukan da yake turo maka a tare daga huɗu zuwa biyu ko ɗaya. Da haka ne akwati ɗaya, a gida ɗaya, zai ba da megabit 400 a wannan kusurwa, ya ba da 40 a waccan.

A ce an ajiye shi kan teburin talabijin, bayan allon, kusa da bangon tsakiyar gida, shafin yana nuna n78, RSRP -106, SINR 3. Ɗauke shi da doguwar wayar wuta ka kai taga, ka jira rabin minti lambobin su zauna, ka rubuta. Ka yi haka a kowace taga ta kowane gefe na gidan, domin ba lallai turken da kake gani shi ne na kamfaninka ba. Inda ya fi kyau, sai ka tsaya kana juya akwatin kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, kana jira bayan kowane juyi. Eriyoyin da ke ciki suna da gefen da suka fi ji, kuma juyi ɗaya yakan ƙara desibel 3 ko 4. Ɗaga shi sama da ƙugun taga. In akwai ragar sauro ta ƙarfe, gwada tagar da ba ta da ita. Wani abin da ke ba mutane mamaki: hawa bene na sama yakan ƙara RSRP amma ya rage SINR, saboda daga can na'urar tana jin turaku huɗu ko biyar suna magana a tare. A irin wannan hali, bangon da ya kare ka daga sauran turakun ya bar maka naka shi ne abokinka.

Akwai akwatunan da ke barin ka kulle zango. Yana da amfani idan na'urar tana yawan tsallakawa tsakanin turaku biyu, amma a kan NSA kada ka kashe zangunan 4G da sunan tilasta 5G. Ka cire ginshiƙin da yake rataye a kai, sabis ɗin zai ɗauke gaba ɗaya.

In duk tagogin sun gaza, sai a fita waje, kuma a nan ana asarar kuɗi sosai. Eriyar waje mai kyau tana iya ƙara desibel 9 zuwa 11, sai a haɗa ta da siririn kebul mai mita 10 wanda a megahaz 3,500 yake cin kusan desibel 1 a kowace mita. Ribar ta tafi a hanya. Ko dai a yi amfani da kebul mai kauri mara asara kuma gajere, ƙasa da mita 5, ko kuma a bar zancen. Ka kuma duba ramukan eriyar da ke bayan akwatin, TS9 ne ko SMA, guda nawa ne, kuma wane zango suke ɗauka. Akwai masu rami biyu kacal alhali eriyoyin karɓa huɗu ne a ciki, akwai kuma waɗanda ramukansu ba sa ɗaukar dukkan zangunan. Abin da ya fi duka shi ne rautar da aka ƙera don waje: modem da eriya a kwanso ɗaya, a ɗaure a bango ko a sanda, a sauko da kebul ɗin intanet guda wanda shi ke kai mata wuta. Kebul ɗin Cat5e yana ɗaukar gigabit har mita 100 ba tare da asara ba. Kamfanin da ke ba da irin wannan na'ura, ya kuma turo mai ɗaurawa, ya cancanci ƙarin maki a wurinmu.

Ƙarfe tara na dare

Turke kamar famfon unguwa yake, da asuba ruwa na zuba da ƙarfi, da kowa ya fito da bokitinsa sai ya koma ɗigo. Gwajin da aka yi maka a kanti da rana tsaka bai gaya maka komai ba. Ka gwada da kebul, ba ta Wi-Fi ba, da sassafe, da rana, da kuma tsakanin takwas da goma na dare, kwana uku ko huɗu har da ƙarshen mako. Duk gwaji ka haɗa da duba SINR.

Sakamakon yana karantuwa. Idan SINR bai motsa sosai ba amma gudu ya faɗo daga 300 zuwa 30 da daddare, cunkoso ne, ko a turken ko a hanyar da ta haɗa turken da cibiya, musamman idan ba igiyar faiba ce ke ciyar da shi ba. Babu eriyar da za ta gyara wannan. Wasu kamfanonin ma sun rubuta a sharuɗɗansu cewa idan hanya ta cika, masu waya ne a gaba, akwatunan gida a baya. Idan gudun ya tsaya cak a lamba ɗaya dare da rana, 50 ko 100, to tsarin da ka saya ne aka yi wa linzami. Idan kuma kullum 94 yake nunawa, ramin kebul ɗin kwamfutarka ko kebul ɗin kansa ne mai megabit 100. Canja shi, za ka ga bambanci nan take.

Hattara da gwajin kansa. Megabit 500 a daƙiƙa daidai yake da megabait 62.5, don haka gwajin daƙiƙa 10 ya ci sama da megabait 600. Mai ƙayyadadden data yana iya ƙarar da gigabait 10 a yini ɗaya wajen neman taga.

Ɗorawa ita ce inda sabis ɗin ya fi rauni, kuma ba a faɗa a talla. A zangon tsakiya, saukewa da ɗorawa tasha ɗaya suke bi, ana raba musu lokaci. Rabon da aka fi amfani da shi, cikin gurbi biyar uku na saukewa ne, ɗaya na ɗorawa, ɗaya gauraye. Ga shi kuma turke yana magana da wat ɗari biyu ko fiye, akwatinka yana amsawa da miliwat 200 zuwa 400. Kana jin sa sarai, shi da ƙyar yake jin ka. Ba abin mamaki ba ne a ga 350 saukewa da 15 ɗorawa a gidan da ke nesa da turke. Mai ɗora manyan bidiyo kullum, ko mai kyamarori da yawa da ke tura hoto waje, ya fara duba wannan lambar kafin waccan.

Jinkirin amsa kuma, milidaƙiƙa 1 da aka yi ta yayatawa buri ne na ɓangaren rediyo kawai, don injinan masana'antu, ba don falonka ba. Zuwa sabar da ke kusa, wato kwamfutar da ke amsa maka daga can ɓangaren intanet, abin da aka saba gani a 5G shi ne 15 zuwa 40, ya fi 4G kaɗan, bai kai faiba ba. Sabar da ke nesa kuwa ba ruwanta da G ɗinka: haske a cikin faiba kilomita 200 yake yi a milidaƙiƙa ɗaya, don haka nisan kilomita 5,000 ya ƙara aƙalla 50 zuwa da dawowa. Abin da ya fi ɓata wa masu wasan gem da masu taron bidiyo rai shi ne tsallen jinkirin. Wayar wani a gidan ta fara tura hotunanta ma'ajiyar intanet, ƙaramar hanyar ɗorawa ta cika, saƙonni suka yi layi a cikin modem, jinkiri ya tashi daga 25 zuwa 300, muryarka ta fara yankewa. Maganinsa a sa rauta ta biyu mai tsarin SQM, wanda ke tsara layin saƙonni don kada su taru, a ƙayyade ta kaɗan ƙasa da gudun da kake samu da daddare. Za ka yi asarar gudun safe, ka samu kwanciyar hankali.

Akwai wani tarko da sai an shiga ake gani. Yawancin kamfanonin waya ba sa ba akwatinka adireshin intanet nasa na kansa. Gidaje da yawa ke raba ɗaya ta tsarin CGNAT. Duba adireshin WAN a shafin rautar. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, kana ciki. Kallo da lilo ba abin da zai same su, amma buɗe ƙofa don leƙa na'urar kyamarorin tsaro daga waje ba zai yi aiki ba, na'urorin gem za su yi ta ƙorafin NAT, wasu shafuka kuma su riƙa tuhumar ka da laifin maƙwabcin da kuke raba adireshi. Ka tambaya tun kafin saye ko suna ba da adireshi na kai, ko IPv6, sabon tsarin adireshin da ba sai an raba da kowa ba, kuma ko akwatin yana yarda ya miƙa adireshin kai tsaye ga taka rautar.

Kalmar "mara iyaka" ita ma a karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashinta. Da yawa akwai adadin da in ka wuce za a rage maka gudu har ƙarshen wata. Lissafin ba wuya: bisa ƙiyasin Netflix, awa ɗaya ta HD tana kai gigabait 3, ta 4K kuma 7. Awa uku na HD kullum a talabijin ɗaya, gigabait 270 ke nan a wata. Kuma da gudu ya ƙaru, manhajojin bidiyo da kansu suke ɗaga ingancin hoto, sai data ta riƙa ƙarewa da wuri ba tare da kallon ya ƙaru ba.

Wi-Fi ɗin akwatunan yawanci mai kyau ne, Wi-Fi 6 a mafi yawansu, sai dai wurin da ya dace da kamun turke ba kasafai yake dacewa da rarraba sabis a gida ba, tunda taga ce a can ƙarshen gini. A ja kebul zuwa tsakiyar gida a sa wata na'urar Wi-Fi. Na'urar da ta kama gigahaz 2.4 da wuya ta wuce megabit 50 zuwa 80 komai kyawun turke, kuma sunan Wi-Fi mai ƙarewa da 5G gigahaz 5 yake nufi, ba shi da alaƙa da sabis ɗin kamfani. Zafi ma abin lura ne. Modem ɗin 5G yana ɗaukar zafi, kuma tagar da ta fi sigina sau da yawa ita ce wadda rana ke duka. In ya yi zafi sai ya rage gudu da kansa, ko ya saki 5G ya koma 4G, har ya sake kunna kansa. Gudun da ke faɗuwa da azahar ya dawo da yamma, taɓa jikin akwatin kafin ka zargi kamfani. Wutar da yake ci ba yawa, yawanci wat 10 zuwa 20 a kan bolt 12, ƙaramin batir ɗin ajiya yana riƙe shi awanni.

Ga wanda yake da tsohuwar rauta ta 4G yana tunanin canji, duba ajinta. Mai ajin Cat 4 iyakarta megabit 150 kuma tasha ɗaya take kamawa; Cat 6 tana haɗa biyu, ta kai 300. Akwatin 5G, ko ba 5G a yankin, rautar 4G ce ta ajin sama, mai eriya huɗu, mai haɗa tashoshi da yawa, don haka mai Cat 4 zai ga canji ko da harafin bai canja ba. Mai Cat 12 zuwa sama kuwa, in na ƙasan 5G kaɗai ke isowa gidansa, ya riƙe abinsa. Wanda har yanzu yake da modem ko na'urar ƙararrawa mai 3G zalla shi ne lokaci ya ƙure wa: Jamus ta kashe 3G a 2021, manyan kamfanonin Amurka a 2022, Ostareliya a 2024, wasu ƙasashen na bin sahu, don a mayar da zangunan ga 4G da 5G. Zancen jiran 6G kuma bai taso ba, wajen 2030 ake sa ransa.

Inda faiba ta iso ƙofa, faiba ta fi, musamman a ɗorawa da daidaiton jinkiri, kuma ba ta san ƙarfe tara na dare ba kamar yadda turke ya sani. Inda ba ta iso ba, ko ga ɗan haya da ba ya son huda bango, ko ofishin da ke son hanya ta biyu don ranar da aka yanke igiya, akwatin 5G a kan n78 mai tsabta ya fi duk abin da sadarwar waya ta taɓa kawowa gida, nesa ba kusa ba. Sharaɗin da muke gindayawa shi ne kada a sa hannu a yarjejeniyar shekara ɗaya ko biyu sai da damar mayarwa a rubuce, kuma a tambaya ko akwatin a kulle yake da layin kamfanin. In ba su da lokacin gwaji, ari waya mai 5G da layinsu, ka tsaya da ita a tagar da kake niyyar sa akwatin, da ƙarfe tara na dare, ka duba saukewa da ɗorawa duka biyu.